Allon Layin Kudufi

Shafi na 19

Na ga saƙonninku. Masu cewa na bar Buroshi a tsaye a ƙofar ofis kwana uku, ku yi haƙuri, ga shi an buɗe masa.

Sai da aka hau da shi bene hawa biyu, aka bi wani dogon baranda har ƙarshe, sannan aka ce masa nan ne ɗakin da masana ke ajiye ƙwari.

Buroshi ya tsaya a bakin ƙofa yana goge tafin hannunsa a jikin wando. Tun da safe ya wanke hannun da kananzir, amma shuɗin fenti na nan maƙale a gefen farce. Shekara ashirin da shida yana rubuta allunan shaguna, fentin ya riga ya zama fata.

Takardar kwamitin sunayen layuka na cikin aljihunsa, ta yi laushi don yawan buɗewa. Duk layin da ke ɗauke da sunan mutum, in ji takardar, iyalansa su zo gobe da ƙarfe goma da shaidar abin da mutumin ya yi, in ba haka ba a cire sunan a sa lamba. Nasu layin kuwa Layin Kudufi ne. Sunan Kakansu ke nan, sunan da ke kan katin kowa a gidan. Yayarsa ta ce shaida uku gare su, kuma kowace ɗaya ta isa ta rufe bakin kwamiti: ga layin kansa, ga waƙar da aka yi wa Kaka a tsohon kaset, ga kuma mazari, ƙwaron da masana suka raɗa wa sunansa. Kaset na gida. Takardar mazarin ce ta rage, ita aka aiko shi ya karɓo.

Mai kula da ɗakin dattijuwa ce, tabarau rataye a wuya, kowa Malama yake ce mata. Ta saurare shi har ya kai aya ba ta katse shi ba. Da ya faɗi sunan sai ta ce ya sake faɗa. Ya sake. Ta ce ya rubuta mata. Ya zaro fensirin da ke bayan kunnensa ya rubuta da manyan baƙaƙe, kamar wanda za a kafa a bakin titi.

Ta daɗe tana kallon takardar.

"Zo ka gani," ta ce.

Ɗakin da sanyi, ga warin kafur. Durowoyin katako ne jere tun daga ƙasa har rufi. Ta bi su da yatsa, ta tsaya a wata ta ƙasa, ta durƙusa da ƙyar ta jawo. A ƙarƙashin gilashi mazari ne huɗu, an tsire kowanne da allura, fukafukai a buɗe. Uku sun koɗe. Na huɗun har yanzu da sauran ja a jelarsa.

Buroshi ya gyara tsayuwa kamar an shigo da babban mutum.

Tun yana ƙarami yake jin labarin ƙwaron nan. Baba kan ce Kaka ne ya kama shi da hannunsa ya kai wa masana, suka duba littattafansu kaf ba su ga irinsa ba, suka ce to, ya ci sunanka. Ba wanda ya taɓa ganinsa a gidan. Yau ga shi ga mazarin Kaka.

A jikin kowace allura akwai wata 'yar takarda da ba ta kai farce ba. Malama ta miƙa masa madubin ƙara girman rubutu.

Karatu bai zo wa Buroshi da wuri ba. Shekara goma ya yi yana zana baƙaƙe kafin ya san me suke cewa, sai da ya haura talatin ya shiga ajin manya na yamma. Har yau baƙi-baƙi yake bin kalma, leɓensa na motsi. Ta farko sunan dangin mazarin ce, in ji Malama, ya tsallake ta. Ya tsaya a kan ta biyu.

Kududdufiensis.

Ya yi ɗan murmushi, don ya san da wannan. Ya gaya mata Babansu ya sha faɗa musu cewa masana jan suna suke yi kamar roba, don ya yi nauyi a baki.

Malama ta sa tabaranta. Ta cire.

"Ba ma jan suna," ta ce. "Wutsiya kawai muke ƙara masa. Kuma wutsiyar magana take yi."

Ta juya takardar da ya yi rubutu a kai, ta yi masa bayani a bayanta, a hankali, kamar mai ba mara lafiya magani. In namiji aka karrama, baƙi ɗaya ake liƙa wa sunansa a ƙarshe, i. In mace ce, biyu, ae. Wannan doguwar wutsiyar kuwa ba ta mutum ba ce sam. Ta wuri ce.

"Cewa take yi, mazarin kududdufi. A bakin kududdufi aka kama shi."

"Wane kududdufi?"

Ta tafi ta dawo da wani littafi mai baƙin bango, an ɗaure shi da zare. Na mutumin da ya kama ƙwarin ne, ta ce, ya daɗe da mutuwa. Ta buɗe tsakiya. An manna wani hoto da ya yi ruwan ƙasa don tsufa.

Ruwa ne kwance, da ciyayi a gefe. Can baya ga tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, ɗaya ta ɗan lanƙwashe.

Buroshi ya san tankin. A ƙarshen layinsu yake. Yana yaro ya sha hawa lanƙwasasshiyar ƙafar nan.

Sai ya tuna gindin bangon gidansu da ba ya riƙe fenti. Duk shekara sai ya kankare ya shafa, duk damina sai ya kumbura ya zube. Ya sha zagin siminti, ya sha zagin magina. Ashe ruwa ne yake neman wurinsa.

A gaban hoton, daf da ruwan, an kafa wani allon katako. Ya matso da madubin.

KUDUFI.

Abin da ya gani ba sai an fassara masa ba, aikinsa ne. K babba, U babba, D da U sun baje son ransu, sai F da I a matse a bakin katako kamar an tura su mota ta cika. Wanda ya rubuta allon nan bai iya karatu ba. Takarda aka ba shi ya kwafa. Ya zana DU na farko, ya ɗaga kai ya duba takarda, idonsa ya sauka a kan DU na biyu, ya zaci nan yake, ya wuce abinsa. Baƙi uku suka faɗi a tsakiya bai ji ƙararsu ba. Buroshi ya yi irin wannan kuskuren ya fi sau goma kafin ya shiga aji. Akwai mai shagon da ya bi shi da tsintsiya a kai.

"Malama, wace shekara ce wannan?"

Ta nuna masa a ƙasan hoton.

Ya sa hannu a ƙarƙashin tebur ya ƙirga da yatsu. Kowa a gidansu ya san shekarar da Kaka ya shigo garin nan da Baba a wuyansa. Ya ƙirga ya sake ƙirgawa. Allon ya riga Kaka zuwa da shekara goma sha ɗaya.

Malama ta tsaya tana gyara zaren littafin da bai kwance ba.

Sai ya roƙe ta abu ɗaya. Ya ce ba ƙarya yake so ta yi ba. Ta dai rubuta masa layi guda, cewa akwai ƙwaro a ɗakin nan mai suna irin nasu, ta buga hatimi. Ya gaya mata Babansu na kwance shekara biyu, kuma gobe a keken marasa lafiya za a tura shi gaban kwamiti.

"Abin da ke nan zan iya buga maka," ta ce. "Abin da ba ya nan, ba ni da shi."

Ta buga masa hoton da shafin littafin da 'yar takardar allurar. Da za ta miƙa masa sai ta riƙe gefen takardun ba ta saki ba.

"Shekara tara ba wanda ya nemi durowar nan. Da ka shigo na yi murna. Ka yafe ni."

Ya ce ba komai. Har godiya ya yi mata.

A hanya, wajen babban shatale, wata buɗaɗɗiyar mota ta wuce shi, ma'aikata biyu zaune a baya a kan tulin tsofaffin allunan tituna, suna ta karo da juna kamar faranti. Ya bi ta da ido kawai. Hankalinsa na can makarantar firamare, inda yara kan bi su suna 'ya'yan kwaɗi, 'ya'yan kwaɗi, ku koma kududdufinku. Yaya ta taɓa fasa wa wata yarinya baki a kan haka, aka kore ta mako guda, Baba ya saya mata sabon takalmi. Hassada ce, in ji Baba. Wanda ba shi da layi dole ya yi waƙa.

Da ya iso unguwa bai bi ta bakin layi ba. Ba zai iya haɗa ido da allon ba.

Allon ƙarfe ne yanzu, Baba ne ya kafa shi tun yana saurayi, saitin tagar ɗakinsa. Duk shekara kafin ruwan farko Buroshi kan ɗauki tsani ya sabunta shi, Baba na tsaye a ƙasa yana ba da umarni. Gaba ka kankare son ranka, baya kuwa kar ka taɓa shi da wuƙa, shafa kawai. Shafi ashirin da shida ya yi wa bayan allon nan, bai taɓa tambayar dalili ba. Ya ɗauka tsatsa ake gudu.

Ya zagaya ta lungun baya, ya shiga ta ƙofar kicin.

Yaya na tsakar falo tana guga. Rigar Baba ce ta fita, wadda rabon da ya sa ta tun kafin ciwo. Shugabar makaranta ce da ta yi ritaya, har yau in ta kira mutum sai ya duba ko rigarsa a soke take.

"Ka samo?"

Ya tambayi jikin Baba tukuna. Ta ce tun tsakar rana ya ƙi kwanciya, ya ƙi abinci, sai buga gado yake yi. Ta sakar masa labule ko ya samu barci.

"Na ce ka samo?"

Ya miƙa mata.

Ita ba ta bin kalma baƙi-baƙi. Kallo ɗaya ta yi wa shafin, ɗaya wa hoton. Ya tsaya yana yi mata bayanin wutsiya, yana haɗa i da ae, yana kuskurewa yana komawa. Ya nuna mata F da I a matse. Ya nuna mata shekarar.

Warin ƙuna ya tashi. Ta ɗaga dutsen guga da sauri, ta duba, Allah ya taimaka gefen zanin shimfiɗa ne.

"Wa ya ga wannan?"

"Ni da Malamar."

"To ya tsaya a nan."

Ta ninke takardun gida huɗu ta tura ƙarƙashin zanin guga. Ta ce 'yan kwamiti ba su san wutsiya ba, ba su san kai ba. Mutum biyar ne da ke son a tashi kafin zafin rana. Za a faɗa musu akwai ƙwaro, za a sa musu kaset, za su ga tsoho a keke, shi ke nan.

Ya ce mata ai rantsar da Baba za a yi. Haka takardar ta ce.

"Sai me? Abin da ya sani zai rantse a kai."

"Mu kuma da muka san wani abin, muna tsaye a bayansa?"

"Buroshi." Ta ajiye dutsen a tsaye. "An aike ka ka kawo ruwa, ka dawo da wuta a bokiti. Shekara talatin da biyar ina sa hannu da sunan nan a takardun 'ya'yan mutane. 'Ya'yanka huɗu da shi suke amsa kira a aji. Yanzu don wata tsohuwa mai gadin matattun ƙudaje ta ce wutsiya, sai mu zama 'ya'yan kwaɗi?"

"Ba ita ta ce ba, Yaya. Allon ne. Na san hannun."

"Ka san hannun. Yaushe ka san baƙin ma?"

Maganar ta same shi inda ta nufa. Ita ma ta ga ta wuce gona da iri, sai ta juya ta jawo rediyon kaset daga kan kabad, ta hure masa ƙura.

Ta ce bari ta tuna masa, tunda ƙwaro ya ci masa ƙwaƙwalwa. Ƙwaro ba ya magana, amma mawaƙi da bakinsa ya kira Kaka. Ta danna.

Kaset ɗin ya yi shuu, tsirkiya ta shigo, sai muryar nan da suka tashi da ita, muryar da ake sawa duk ranar da aka yi haihuwa a gidan.

Kudu-du-dufi, mai baƙin damina,
kowa ya ɗiba bai ga ƙasanka ba.
Rani ya zo ya koma da kunya,
kana kwance ba ka tashi wa kowa ba.

Da can sun san ma'anar kowane layi. Baƙin damina, matafiyan da Kaka ke saukewa in ruwa ya tare hanya. Kowa ya ɗiba, kyautarsa. Ba ka tashi wa kowa ba, kwarjininsa. Kudu-du-dufi kuwa jan murya ne, mawaƙi na cike kiɗa.

Yaya ta tsaya da hannu a ƙugu. Muryar ta ci gaba.

Masu kwana gidanka ba su biya,
da kuka suke maka godiya.

Wannan layin ta fi so. Marayu, takan ce wa jikoki. Marayun da Kaka ya riƙe.

Buroshi ya ga lokacin da ta gane kwaɗi ake nufi, ba marayu ba. Hannunta ya sauka daga ƙugu. Ta kai yatsa ta kashe rediyon, ta zauna a hannun kujera, abin da takan hana yara.

Sai suka ji ƙarar kofi a jikin ƙarfen gado. Sau uku. Ƙofar ɗakin Baba a buɗe take tun ɗazu, ba wanda ya lura.

Ciwon da ya kwantar da Baba ɓarin dama ya ɗauke masa, ya haɗa da sunaye. Hankalinsa garau, yana jin komai, amma sunan abu ba ya zuwa bakinsa. Cokali wannan ne. Ruwa wannan ne. Buroshi kai ne, Yaya ke ce. Likita ya ce wataƙila su dawo, wataƙila kuma sun tafi ke nan.

Ɗakin da duhu-duhu saboda labulen. Baba ya jingina da matashi, kofin roba a hannun hagu, idonsa a kansu.

Buroshi ya durƙusa a gefen gadon. Tun a falo ya shirya abin da zai ce, cewa an samo takarda, komai lafiya, Baba ya kwanta ya huta. Ya buɗe baki.

"Na sani," in ji Baba.

Yaya ta dafa ƙofa.

"Ina nan." Ya ɗaga hannun hagu ya taɓa bayan wuyansa. "Nan. A kansa."

"Kana wuyan Kaka," in ji Buroshi.

Baba ya gyaɗa kai. Maganar ta riƙa fitowa gutsure-gutsure, Buroshi na tsinta yana jerawa kamar baƙaƙen da aka zubar. Aikin cike ruwan ake yi a lokacin, ana ɗibar leburori. An kafa tebur a bakin ruwan, mai rubutu na zaune. Kaka ya shiga layi da ɗansa a wuya. Aka tambaye shi suna, ya faɗi wani. Aka ce na biyu fa.

"Ya yi shiru. Ya juya." Baba ya miƙa yatsa gefe, yana nuna abin da babu. "Ya nuna... wannan."

"Allon."

"Aka rubuta."

Yaya ta tako ta zauna a bakin gadon. Muryarta ba ta shugabar makaranta ba ce yanzu. Ta tambaye shi waƙar fa, mazarin fa, takalmin da ya saya mata fa.

"Shi ya ce. Ku samu... abin riƙewa."

"Me ya sa ya ɓoye nasa?"

"Ya gudo."

"Daga ina? Me ya yi?"

Baba ya girgiza kai. Ko bai sani ba, ko kalmomin ne babu, ba wanda ya iya ganewa.

"To Baba, mu su wane ne?"

Ya buɗe baki. Suka matso. Leɓensa na hagu ya motsa, na dama na kwance. Maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Ya rufe ido ya yi ta nema, kamar mai laluben makulli a aljihun da ya huje. Jijiyar goshinsa ta tashi.

"Wannan," ya ce. "Wannan..."

Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya.

Buroshi ya karɓi kofin daga hannunsa ya ce ya bari, ya huta, wata rana zai zo. Shi kansa bai yarda da abin da yake faɗa ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya san sunan, sunan na cikin kansa, ƙofar kuma ta rufe.

Baba ya damƙe masa hannu. Akwai sauran ƙarfi a hagun nan.

"Na rubuta."

"A ina, Baba?"

Ya ce Kaka ya sa shi alkawarin ba zai faɗa da baki ba. Bai faɗa ba. Amma ranar da aka binne Kaka ya ji tsoron kar ya manta.

"Baya. Da... mai tsini."

"Ƙusa?"

"Baya," ya sake cewa, ya nuna taga.

Buroshi ya ji kamar an zuba masa ruwa a ka. Gaba ka kankare son ranka. Shekara ashirin da shida yana hawa tsani yana lulluɓe sunan kakansa da hannunsa, shafi a kan shafi, har yana yaba wa kansa cewa tsatsa ba ta taɓa ci ba.

Amma fenti ai nasa ne. Abin da ƙusa ta tona a ƙarfe ba ya gogewa, cikewa kawai yake yi. In aka jiƙa shi da tina mai narkar da fenti aka bi da reza a kwance, a hankali, shafi-shafi, rubutun zai fito fes, har ya fi na ranar farko, don fentin zai zauna a cikin ramin. Yini ɗaya ya ishe shi. Ya gaya wa Baba haka. Ya ce yanzu ma zai ɗauko tsani, rana ba ta faɗi ba.

Gefen bakin Baba na hagu ya ɗaga. Rabon da su ga haka tun kafin ciwo.

Buroshi ya miƙe ya nufi taga. Ya kama labulen.

Yaya ta riƙe masa hannu.

"Kar ka buɗe."

Ya dube ta. Fuskarta ta yi fari fat.

Ta yi ƙasa da murya yadda Baba ba zai ji ba. Ta ce da tsakar rana ma'aikata suka zo da mota. Sun ce duk tsofaffin alluna ake kwashewa yau, wanda ya ci gobe a kawo masa sabo mai sheƙi. Ita ta sa musu hannu. Har ruwan sanyi ta ba su. Ta saki labulen ne don kar Baba ya gani kafin sabon ya zo.

"Na ce gara ma. Na ce ya tsufa, ya yi kauri kamar ƙofar keji." Ta saki hannunsa. "Ban sani ba, Buroshi."

Sai yanzu ya gane abin da Baba ke buga wa gado tun tsakar rana. Ƙarar guduma ya ji, ya rasa sunan abin da zai ce a hana.

"Ina suke kai su?"

"Direban ya ce wajen masu narka ƙarfe."

"Wanne? Sun fi goma a garin nan."

"Ban tambaya ba."

Ya ɗaga gefen labulen da yatsa biyu, daidai faɗin ido. Ga turken nan a tsaye a bakin layi, da ramukan ƙusa huɗu, ana hango sama ta cikinsu.

Ya saki labulen. Ya juya ya tare tagar da bayansa.

Baba ya ɗago kai daga matashi, murmushin nan na rabin baki bai gama sauka ba.

"Kai," ya ce. "Yana nan?"